Gwaggon da Ba Ta Amsa Gaisuwa a Kasuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar uwata, ta cika da la'asar a asibiti, aka kai ta makwancinta washegari da hantsi saboda dokar hana fita. Maza ba su gama kakkaɓe ƙasar maƙabarta daga takalmansu ba aka fara cin namanta a gidanmu na Umarari, a kan tabarmin da ita ta saya.

Ina zaune a tsakar gida, ina jin kowa. Wata maƙwabciyarmu ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya jiƙanta, Allah ya yafe mata girman kai." Aka ce amin da ƙarfi, har da masu gyaɗa kai. Wata tsohuwa ta ƙarshen layinmu ta gyara lafayarta, ta ce da Hausarta mai jan Kanuri, "Ni da idona na ga yarinya ta durƙusa mata a kasuwa, wushe, wushe, ita ko ta wuce kamar iska ce ta kaɗa. A garin nan fa! Inda gaisuwa take fin ciniki tsawo."

Baffa, ƙanin Gwaggo, ya leƙo daga zaure ya dubi tabarmin da babu kowa a kansu. Ya ce, "Duk rayuwarta ta ƙare a aikin jama'a. To ina jama'ar?"

Ni ina da amsa, amma a ranar ban isa in faɗe ta ba. Shi ya sa yau na ɗauki biro. Ku da kuka zauna kuka sha kununmu kuna zaginta da sunan addu'a, da ku nake.

Ba yabo na zo zubawa ba. Gwaggo ba ta da daɗin zama. Ba ta dariyar ganin ido, ba ta zuwa biki ta daɗe, kuma in ka ba ta labari mai tsawo sai ta katse ka ta ce, "Ina kan maganar?" Shayinta baƙi ne, babu sukari. Takalmin roba iri ɗaya take saye, in ya tsinke ta koma ta sayo ɗan'uwansa. Ni takan kira ni Uwar Gaggawa, ni kuma a zuciyata ina kiranta abin da ba zan rubuta ba. Mun fi yin faɗa a kan hira.

Kakanmu fataucin fatu ne ya kawo shi daga Kano, ya zauna kusa da Kasuwar Shanu, a nan aka haife ta. Ta yi karatun aikin jin daɗin jama'a tun lokacin da ake wa macen da ta yi shi kallon mai shiga sharo ba shanu. Kafin tashin hankali aikinta sasanta ma'aurata ne da nema wa marayu mariƙa. Da 'yan daji suka tarwatsa ƙauyuka, gari ya cika da 'yan gudun hijira, sai aka ɗora mata abin da kowa yake gudu: matan da aka kwashe zuwa daji, suka yi zaman da suka yi a can, sannan aka kuɓutar da su ko suka gudo. In an gama tantance su, ita ke nema musu ɗaki, da sana'a, da hanyar da za su narke cikin gari ba tare da an nuna su da baki ba. Kowa a Maiduguri ta wajenmu ya san wannan ne aikinta. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

Ranar da na fara jin kunyarta, mun je kasuwa tare. Wata matashiya, da goyo a bayanta, ta hango mu ta taso daga kan kayanta da gudu, fuskarta cike da murna. Zan kira ta mai lalle, ko da yake ba lalle take sayarwa ba, kuma ba a kasuwar da kuke zato ba. Ta durƙusa har ƙasa tana cewa, "Mama! Mama, wushe!" Gwaggo ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba, ta ce, "'Yar nan, kin yi makuwa, ba ni ba ce," ta ja hannuna muka wuce.

A cikin keke na kasa haƙuri. "Gwaggo, wallahi wannan wulaƙanci ne. Ta san ki, kin san ta. Ko kare ya kaɗa maka wutsiya ai ka dube shi."

Sai da muka shiga gida ta rufe ƙofa. Sannan ta juyo. "Uwar Gaggawa, bakinki ya riga kanki isa gida. Mene ne aikina?"

"Kowa ya sani."

"To tunda kowa ya sani, duk macen da na tsaya na yi wa fara'a a kasuwa, me na rubuta mata a goshi?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Kafin ta naɗe kayanta an san daga inda ta fito. Gobe ba mai sayen kayanta. Jibi mai gida ya ce yana son ɗakinsa. Gata a hana ɗanta ɗiban ruwa a famfo. Gara ta kwana tana jin haushina da ta kwana a titi."

"To ai sai ki gaisa da kowa, a rasa gane wa ke nan."

"Na gwada. Fuska tana tona asiri. Gaisuwar da kake wa wanda ka yi kuka tare da shi daban take, ko makaho zai ji. Shi ya sa na daina da kowa."

Har yau ina ganin da ta sassauta ko kaɗan, ko don tsofaffin unguwa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Amma haka ta zaɓa. Ta ɗauki sunan mai girman kai ta yafa kamar mayafi, ta yi shekaru a cikinsa, kuna yi mata tsaki tana wucewa. Ita kuwa mai lalle, daga baya na gane, ta ofis take bi ta same ta, su rufe ƙofa su yi gaisuwarsu har ta ishe su.

Duk ranar Asabar ƙananan ma'aikata sukan taru a gindin darbejiyar gidanmu, ta yi musu bita. Ba wanda ya sa ta. Ita kanta, da furfurarta, in an kira bita a gari ita ce a layin gaba, ta dawo tana mita tana cewa malamin yaro ne amma ya faɗi abu biyu da ba ta sani ba, kuma sai ta koya wa 'ya'yanta na bita su kafin ta manta. Takan ce, "Ma'aikacin da ya daina koyo ya zama haɗari, don mutane ne kayan aikinsa." Wata rana ɗaya daga cikinsu ta ba da labarin wata mata a gidan biki, labarin ya zagayo har kunnen Gwaggo. Yarinyar ta rantse tana cewa, "Mama, wallahi ban faɗi sunanta ba."

"Kin faɗi ƙauyensu?"

"Na faɗa."

"Kin faɗi tabon hannunta da yawan 'ya'yanta?"

Yarinya ta sunkuyar da kai.

"To me ya rage, lambar takalminta? Kin tuɓe wa mutum zane kin bar masa ɗankwali, kina cewa kin rufa masa asiri." Ta sa ta ta je ta nemi matar ta faɗa mata da bakinta abin da ta yi. Yarinyar ta yi kuka kamar ranta zai fita. Yau ita ce babba a cikinsu, kuma ko mijinta bai san sunan mutum ɗaya da take kula da shi ba.

Da zaɓe ya matso, wani ɗan majalisa ya aiko a tara masa "matan da aka ceto" a fili, a hau da su dandamali ya raba musu atamfa a gaban masu ɗaukar hoto. Bulama, mai unguwarmu, ya kira taro a ƙofar gidansa, ya ce shi ma dama yana so ya san su, don tsaron unguwa. Ina wurin, a bayan mata. Gwaggo ta miƙe, ita kaɗai mace a tsaye.

"Ranka ya daɗe, masu tsaro sun tantance su, sun sallame su. In akwai wadda ake zargi da wani abu yau, a kawo zargin, ni zan raka ta da ƙafata. Amma ba zan jera mata a rana a ƙare musu kallo don atamfa ba."

Yaron ɗan majalisa ya ce, "Hajiya, taimako fa za a yi musu."

"Taimako? To ka gaya wa mai gidanka, in taimako yake so, ya tashi a zauren majalisa ya nemi a hana masu gidaje korar mace don an ce daga daji ta fito. Ya nemi a ɗauki ma'aikata, don mu 'yan kaɗan ne a kan gari guda. In ya yi wannan, ni zan saya masa atamfar."

Aka yi dariya, aka kuma ji haushi. Ba a yi wata ba aka ɗauke ta daga teburinta aka mai da ita wani ɗaki na ajiyar tsofaffin kujeru. Ta share shi, ta sa labule, ta ce ya fi, don ƙofarsa ta baya take, mai shiga ba a ganinsa. Ba ta daina zuwa ƙofar 'yan majalisa ba kuma. Takan tattara abokan aikinta su je su zauna a benci tun safe, a ce mai gida ba ya nan, ta ce, "Mu ma ba ma sauri." Abin da suka nema ba a yi ba har ta mutu. Kada wani ya zo ya ce muku ta ci nasara. Ba ta ci ba. Ta dai ƙi bari.

Yanzu sai matar Baffa, wadda nake kira Inna, gida ɗaya muke da su. Dole in yi mata adalci ko da ba na so. 'Yan daji sun tare motar da ɗanta na fari yake ciki a hanya, suka kashe shi. A lokacin maza suna tsoron zuwa karɓar gawa, kada a ce su wa suka sani. Gwaggo ce ta shiga ɗakin ajiyar gawa ita kaɗai, ta duba fuska bayan fuska har ta samo shi. Ita ce ta tare a ɗakin Inna, tana ɗura mata kunu da cokali, tana yi mata wanka kamar jaririya, har ta dawo hayyacinta. Da ta dawo kuwa, abin da ta fara nema shi ne suna.

"Yaya, ki faɗa mini. A cikin matan da kika zuba mana a gari, akwai wadda ta dafa wa wanda ya kashe ɗana abinci. Ta wanke masa riga. Ina so in san fuskarta."

"Ki san ta ki yi mata me?"

"Wannan ni ya shafa."

Gwaggo ta ce, "Na ɗauko miki ɗanki da hannuna, kuma in da raina zai dawo da shi da na bayar. Amma ba zan ba ki 'yar wani ki huce a kanta ba. Ita ma ɗauke ta aka yi tana kuka."

Daga ranar Inna ba ta ƙara cin abincin da ya fito daga tukunyarmu ba.

To ran da aka kai Gwaggo, bayan Baffa ya gama tambayar ina jama'a, Inna ta jawo kujerarta ta ajiye a bakin ƙofar shigowa tsakar gida. Ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Ta ɓoye su tana da rai. Yanzu hawaye zai kawo su. Duk baƙuwar fuskar da ta shigo tana kukan da ya wuce na maƙwabtaka, na gane ta."

Kun ji amsar tambayar Baffa. Jama'arta suna nan, sun cika gari. Tsoron kujerar nan da irinta ne ya hana su zuwa.

Ni mutum ɗaya tak na sani a cikinsu, kuma na san halinta, mai tasowa da gudu ce. Washegari na ce zan je sayen gero da sukarin sadakar uku. Na zaga wurin masu kaya da yawa don kada a lura, sannan na tsaya a gabanta ina jujjuya kayanta kamar mai taya.

Idanunta sun kumbura. Ta ce a hankali, "Gobe zan zo."

"Ba za ki zo ba."

"Uwata ce."

"Akwai mai jiranki a bakin ƙofa. In kika zo kika ɓare baki, kafin magariba kayanki suna waje. Ki tuna da ɗanki."

"Tana da rai ban gaishe ta a gaban mutane ba. Ta mutu ma ba zan yi ba?" Ta kama gefen tire ta riƙe gam. "A ɗakina ba na iya kuka, bango ɗaya ne tsakanina da mai gidan haya, zai ce wa ya mutu. A nan ba na iyawa. Ke ki faɗa mini, a ina zan yi kukan?"

Na zo da niyyar in yi mata tsawa in tafi. Ban yi tsawar ba. Na bar wurin raina a ɓace, da ita, da Inna, da Gwaggo ma da ta tafi ta bar mini wannan kaya.

Daga kasuwa ban koma gida ba, na wuce unguwar Moduganari, gidan babbar 'yar bitarta, wadda aka taɓa sa wa neman gafara. Na ce, "Gobe ina so gidanmu ya cika da mata. Baƙin fuska. Waɗanda suka san ta da waɗanda ba su san ta ba. Kuma a yi kuka."

Ba ta ce don wa ba, ba ta ce me ya faru ba. Ta ce, "Ƙarfe nawa?"

Abin da na gani ranar sadakar uku ban taɓa ganin irinsa ba. Tun hantsi keke ke sauke mata a bakin layi. Kowace ma'aikaciya ta zo da uwarta da ƙannenta da maƙwabtanta. Masu shara na ofis, unguwarzoma, malaman makaranta, masu tallan nono daga Kasuwar Shanu da ƙorensu a ka, Shuwa da Kanuri da Marghi da Babur, wasu ma da ganinsu ka san daga coci suke. Tabarmi suka ƙare aka aro na masallaci. Kuma a garin nan wa zai rasa abin kuka? Kowace mace tana da gawar da ba ta gama yi wa kuka ba. Ɗaya ta fara, ta ja lafaya ta rufe fuska, sai gida ya ɗauka. Baffa ya aiko daga zaure a ce haram ne kururuwa, ba wadda ta ji shi.

Inna ta yi ta raba ido har ta gaji. Da taro ya fi ƙarfin masu hidima, dole ta tashi daga kujerar, don ita ce matar gida, ta ɗauki faranti tana bi tana miƙa gumba da ruwa. Amma ba wawuya ba ce. Can sai na ga ta daina duban masu shigowa, ta koma duban fuskata. Ta gane in akwai inda asiri zai tsage, a nan ne.

Don haka na kafa idona a kan saƙar tabarma. Kowace ta durƙusa ta ce ya haƙuri, in ce, "Da godiya. Allah ya ba da lada." Murya ɗaya, tsawo ɗaya, ko ga ƙawata ko ga wadda ban taɓa gani ba. Mai lalle ta zo. Ba zan faɗi ko da safe ne ko da yamma ba, ko kalar abin da ta yafa. Ta durƙusa a gabana, hannuna ya so ya kama nata, na danne shi a ƙarƙashin cinyata. Na ce, "Da godiya. Allah ya ba da lada." Ta koma cikin mata ta zauna, ta yi kukanta har ya ishe ta, a gidan uwarta, da rana tsaka, ba wanda ya ce mata don me. Su nawa ne irinta a cikin taron, ban sani ba, kuma ba na so in sani.

Da aka watse muna naɗe tabarmi, Inna ta tsaya a kaina da farantin da ya zama wayam.

"Ta zo, ko?"

"Mata da yawa sun zo, Inna."

"Kada ki raina mini hankali, ni na yi miki wanka kina jaririya a hannun uwarki. Kina nufin da hannun nan nawa na miƙa mata gumba?"

"Kin miƙa wa kowa."

Ta dubi tafin hannunta. Ta ajiye farantin, ta ɗauki buta ta tsuguna a bakin rariya, ta yi ta wanke hannun, tana wankewa tana kiran sunan ɗanta, har ruwan ya ƙare. Ban je na rarrashe ta ba, ban kuma ji daɗi ba. Tun ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, kuma ta ce wa Baffa ko ni ko ita a gidan. Yanzu haka a Moduganari nake rubuta wannan, a ɗakin aro.

Ku kuma da kuka ce Allah ya yafe mata girman kai, na karɓi addu'arku, don ba wanda ya fi ƙarfin gafara. Allah ya haskaka kabarin Gwaggo, ya rufa mata asiri a can kamar yadda ta rufa wa bayinsa a nan. Mai lalle tana nan a ɗakinta, ɗanta yana bin layin famfo da 'ya'yanku. Wataƙila jiya ma kun yi ciniki da ita, kun tsaya kun gaisa, kun tambaye ta ya gida ya yara, ta ce muku lafiya lau.